Yadda Kare Ya Sami Dokin Ƙofa

Dalilin da ya sa kare ke kwanciya a bakin ɗaki, ya ɗora haɓarsa a kan dokin ƙofa, gangar jikinsa duk tana waje, ba lalaci ba ne, ba kuma kwaɗayin tuwo ba ne kamar yadda kuke zato. Ku matso, yara, ku bar tsokanar juna, in gaya muku inda abin ya samo asali.

A zamanin da, kare ba ya kusantar gidan mutum. Karnuka a bakin rafi suke zaune, cikin ramukan da suka haƙa a jikin gaɓa, suna farautarsu su kaɗai. In yunwa ta matsa musu sai su zo juji su yi tono, da sun hango mutum su zura da gudu. A lokacin kuma dabba na magana mutum ya ji, in dai ya tsaya ya saurara. Sai dai ba kowa ke tsayawa ba.

To, a wani ƙauye da ake kira Tudun Kalwa akwai wani tsoho, Nomau, da matarsa Tabawa. Nomau igiyar rama yake tufkawa. Mutum ne mai son tsafta, ba ya son hayaniya, in ya yi magana sau ɗaya ba ya son maimaitawa. Ita Tabawa daddawa take yi. 'Ya'yansu sun girma, aure da fatauci sun kwashe su, gida ya rage daga su biyu sai akuya da 'yan kaji.

Wata damina aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika ya tumbatsa, ya cinye gaɓa, ya tafi da ramukan karnuka da duk abin da ke ciki. Da ruwan ya ja, Tabawa ta ɗauki kwandon kalwarta ta tafi wankewa. Ba ta dawo ba sai da rana ta take, kwando a ka, wani abu kuma ƙunshe a gefen zane.

Nomau na zaune a inuwar rumbu, ya danne bakin igiya da babban yatsan ƙafa yana tufka. Ya ɗaga kai ya ce, "Me kika ƙunso haka? Kifi?"

"Ba kifi ba ne, Malam."

Ta sauke kwandon, ta durƙusa, ta buɗe zanen a hankali. Sai ga 'yar kwikwiya, ba ta wuce tafin hannu biyu ba, jiƙe sharkaf, taɓo ya rufe mata kunne ɗaya, sai rawar sanyi take yi.

Nomau ya saki igiya ya ja da baya. "A'uzubillahi! Kare? A gidana?"

"A saiwar giyayya na same ta, ta maƙale. Na duba sama na duba ƙasa, babu uwar, babu 'yan'uwan."

"Sai ki mayar da ita inda kika ɗauko."

"In mayar wa wa, Malam? Ruwa?"

Nomau ya dubi matarsa, ya dubi abar da ke karkarwa a ƙasa. Ya ja tsaki, ya ɗauki igiyarsa. "Ta bushe, ta ci abinci, gobe ta kama gabanta. Amma ki ji da kyau: ɗakin nan da nake salla a ciki, ko ƙafarta ɗaya ba za ta taka shi ba."

"Na ji," in ji Tabawa.

Ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta tatso nonon akuya ta zuba mata a sakaina. Kwikwiya ta lashe tas, cikinta ya yi tulu, ta kwanta a rana ta yi barci. Tabawa ta sa mata suna Tsintuwa. Wunin ranar ba wanda ya ji ko tarinta, har Nomau ya ce a ransa, to, da sauƙi.

Duhu na shiga sai labari ya canza. An yi mata shimfiɗa a ƙarƙashin rumbu, an saki asabari, an kashe fitila. Sai kuka ya tashi. Ba haushi ba ne, don ba ta iya ba tukuna. Wani siririn kuka ne mai shiga kunne kamar tsinke, ya ɗan lafa har ka ce an huta, sai ya dawo sabo. Nomau ya juya dama, ya juya hagu, ya toshe kunne da hula. A banza. Har zakara ya yi cara tana abu ɗaya.

Da gari ya waye ya ce, "Yau dai za ta tafi ko?"

"Ka dube ta, Malam, ko tafiya ba ta iya sosai ba. A bari gobe."

Goben nan kuwa ta yi ta zuwa tana wucewa. Babu dabarar da Tabawa ba ta gwada ba. Ta ɗauko dutse daga murhu da sauran ɗuminsa, ta naɗe shi da tsumma ta ajiye mata. Tsintuwa ta rungume shi, da ya huce ta fasa kuka. Ta saka ta a akurki, kaji suka taru suka yi mata ca, sai da aka ciro ta. Ta kai ta gun akuya, akuya ta shinshina ta sau ɗaya ta ture ta da ka. Ta ƙara mata nono da daddare ko yunwa ce, ta sha, ta kuma yi kukanta da cikakken ciki.

Wata safiya maƙwabcinsu Cindo ya leƙo ta saman danga, idanunsa jajur. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba Nomau, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka san iyalina da ɗanyen jego. Jariri ba ya barci, uwarsa ba ta barci, ni ma a gona gyangyaɗi nake yi a kan fartanya. A taimaka mana."

Nomau ya ji kunya ƙwarai, don tun da yake ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ya ce, "Ka yi gaskiya, Cindo. Za a san abin yi."

Tabawa na jin su daga bakin murhu. Ita kuwa ta riga ta lura da abu guda: duk lokacin da ta fita ta zauna kusa da Tsintuwa, kukan sai ya ɗauke. Saboda haka a daren nan ta naɗe tabarmarta ta nufi ƙofa.

"Ina za ki?"

"Gindin rumbu. In ina kusa ba ta kuka."

"Da tsufanki? A wannan damina? Saboda kare?"

"Saboda jaririn Cindo," in ji ta, ta fice.

Unguwa ta sami barci. Aka yi 'yan kwanaki a haka, kowa na jin daɗi ban da Nomau, wanda ke kwana shi kaɗai yana ƙunƙuni. Sai wani dare hadari ya taso da iska, ruwa ya riƙa shigowa ta gefe. Kafin Tabawa ta farka ta lulluɓe kwikwiyar ta gyara mata wuri, ta jiƙe har ƙashi. Washegari ta tashi da ciwon kai, da yamma zazzaɓi ya rufe ta, tari ya sauka a ƙirji.

Nomau ya ajiye igiya ya koma jinya. Ya dafa mata citta da kanumfari, ya yi mata sirace, ya dama kunu duk da bai iya ba, ya riƙa ba ta da ludayi. Ga shi babu mai kwana da Tsintuwa, kuka ya dawo har ya fi na da. Abin da ya fi ɓata wa Nomau rai shi ne, duk sa'ad da kukan ya tashi, sai Tabawa ta yunƙura cikin zafin zazzaɓi tana laluben zane.

"Malam, tana kira."

"Kwanta."

"Ita kaɗai ce a waje."

"Na ce ki kwanta, Tabawa!"

Ya mayar da ita ya lulluɓe, an jima kaɗan ta sake yunƙurawa. Jikin da ba ya samun barci ina zai warke? Kullum sai ƙara ramewa take yi. Akwai daren da Nomau bai kwanta ba sam. Ya zauna a gefenta cikin duhu, ba ya ganin fuskarta, sai dai ya kasa kunne. Numfashinta ya fito da ƙyar, ya tsaya. Gabansa ya faɗi. Sai numfashin ya dawo. Haka ya yi ta bin numfashin nan ɗaya bayan ɗaya har aka kira salla.

Da hantsi barci ya ɗan sace ta. Nomau ya fito, ya ɗauki tsohon kwando, ya sa Tsintuwa a ciki, bai ce da kowa komai ba. Ya wuce gonaki, ya tsallake rafi, ya shiga daji har gindin wata kanya. Ya san wurin sarai, ya san kura na bi ta nan da daddare, ga ma sawunta a taɓo. Ya kau da kai daga sawun. Ya sauke kwandon, ya ciro ta ya ajiye, ya juya ya kama hanya.

Yana tafe yana jiran kukan, ya riga ya ƙudura ba zai waiga ba. Shiru. Ya ƙara gaba. Shiru. Abin ya dame shi, ya tsaya ya waiga. Tana nan zaune inda ya ajiye ta, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, tana kallonsa.

Haushi ya kama shi. Ya dawo ya tsaya a kanta. "Ke! Kin hana unguwa barci, kin kwantar mini da mata, yanzu da ya kamata ki yi kuka kin yi shiru?"

Tsintuwa ta ce, "Ai yanzu rana ce, Baba. Ina ganinka."

Nomau ya yi turus. Tun zuwanta bai taɓa yi mata magana ba, balle ya ji amsa. Ya ce, "To da dare me ke cin ki? An ba ki nono, an ba ki ɗumi, me kike nema?"

"Ba yunwa ba ce, ba kuma sanyi ba."

"To mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A raminmu, in dare ya yi ba na ganin kowa, amma ina jin su. Innata na numfashi a nan, 'yan'uwana na yi a nan, sai in san kowa na nan, in yi barci. Ranar da ruwa ya zo, na farka na kasa kunne, ban ji kowa ba. Tun daga ranar, in duhu ya yi na ji shiru, sai in ga kamar ruwan ne ya sake zuwa ya kwashe mutane. Ba da gangan nake yi ba, Baba. Kira nake yi, ko wani zai amsa."

Nomau ya nemi saiwar kanya ya zauna. Daren jiya ne ya dawo masa: shi a zaune cikin duhu, da furfurarsa da komai, yana bin numfashin Tabawa, tsoro na kama shi duk lokacin da numfashin ya tsaya. Shi da ya ga duniya ya ji haka, ina ga wannan da ba ta wuce tafin hannu biyu ba?

Can ya goge ido da bakin riga, ya yi gyaran murya. "Numfashi kawai?"

"Shi ke nan."

"Ko na wane ne?"

"Ko na wane ne, in dai mai rai ne."

Ya tura mata kwandon da ƙafa. "Shiga mu tafi. Rana na yi."

Da suka iso gida ya tarar Tabawa ta rarrafo har bakin ƙofa, ta dafa bango tana duban gindin rumbu. Da ta ga kwandon a hannunsa, ta ga kan da ke leƙowa daga ciki, sai ta dube shi. Ta gane inda ya je, ta kuma gane ya dawo. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Ya kama ta ya mayar da ita shimfiɗa.

Da magariba ta wuce, Nomau ya zauna a bakin ɗaki ya kira Tsintuwa. Ya dafa dokin ƙofa, wannan ɗan tudun da ake ginawa don kada ruwa ya shiga ɗaki, ya ce, "Zo mu yi magana, ni da ke. Na ce ba za ki taka ɗakin nan ba, kuma ban janye ba. A nan nake salla."

"Na sani, Baba."

"Amma iskar da ke fita daga ɗaki ba ta kowa ba ce. Zan ɗage asabari kaɗan daga ƙasa. Ki kwanta a nan, ƙarƙashin bakin jinka inda ruwa ba ya duka, ki kasa kunne. Za ki ji mu. Ke kuma abin da za ki yi mini, ki bar matata ta yi barci. Kin yarda?"

"Na yarda."

Ya shimfiɗa mata tsohon buhu, ya naɗe ƙasan asabari ya ɗaure da guntun igiya. Tsintuwa ta kwanta. An jima ta matso. Ta ƙara matsowa. Sai ga 'yar ƙafa a cikin ɗaki.

"Ƙafa waje," in ji Nomau.

Ta janye da sauri. Sannan ta ce da ƙaramar murya, "Haɓa fa?"

Nomau ya dubi dokin ƙofar, ya shafa gemu. Daga kan gado Tabawa ta ce da dasasshiyar murya, "Ai dokin ƙofa ba ciki ba ne, Malam."

"Ba waje ba ne kuma," in ji shi. Ya yi ɗan tunani. "To, haɓa ta hau. Amma iyakarta nan."

Tsintuwa ta ɗora haɓarta a kan dokin ƙofa, hancinta na fuskantar ɗaki. Aka kashe fitila. Sai yayyafi ya fara sauka a kan jinka, ƙararsa ta rufe siririn numfashin Tabawa. Nomau ya ji kwikwiyar ta fara motsi, wani ɗan ƙara na tasowa daga maƙogwaronta.

"Muna nan," ya ce cikin duhu.

Ta yi shiru. An jima ta sake motsi.

"Muna nan, Tsintuwa."

Ya yi niyyar ya zauna ya yi ta amsa mata har safe, amma gajiya ta fi ƙarfinsa. Ya jingina da bango, kansa ya langaɓe, sai minshari. Minsharin Nomau kuwa ba na wasa ba ne, kamar ana jan turmi a kan tsakuwa yake. Yayyafi bai isa ya rufe shi ba. Tsintuwa ta saurara, ta saurara, ta ja dogon numfashi ta sauke, idonta ya rufe.

A daren nan babu wanda ya yi kuka a Tudun Kalwa, har jaririn Cindo. Tabawa ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, gumi ya keto mata, zazzaɓi ya sauka. Da Nomau ya farka rana ta riga ta fito, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya zabura, ya ga Tabawa zaune a kan gado tana kallonsa tana murmushi.

"Akwai sauran kunu?" ta ce. "Yunwa nake ji."

"Alhamdu lillahi," in ji Nomau. "Alhamdu lillahi."

"Malam, shekara da shekaru ina fama da minsharin nan naka. Ashe akwai mai so."

"Ni ba na minshari," ya ce, ya miƙe ya nufi murhu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake Tsintuwa a hankali don kada ya tashe ta.

Tabawa ta warke ta koma daddawarta. Tsintuwa ta girma ta zama karya sosai, doguwa, ja, mai farin ƙirji. Ta iya haushi, ta iya raka Nomau daji saran rama, kura ta daina zagayen akuyarsu. Tsoron dare ya daɗe da barin ta, amma ba ta taɓa canza wurin kwana ba, kuma har ta tsufa ƙafarta ba ta taka cikin ɗakin nan ba.

Da ta haihu a gindin rumbu, mutanen gari suka riƙa zuwa roƙon 'ya'yan, don sun ga amfaninta. Duk wanda ya zo, Nomau ba ya miƙa masa sai ya zaunar da shi tukuna.

"Zai yi kuka a daren farko," yakan ce. "Kada ka doke shi, kada ka kai shi bayan gida ka ɗaure. Bai san numfashin gidanka ba ne. Ka sa shi a bakin ƙofa inda zai ji ku. In ya kira, ka amsa masa. Ba zai daɗe ba zai daina."

Ita ma Tsintuwa tana yi wa kowane ɗa nata huɗubar kafin a tafi da shi: jiki waje, haɓa a dokin ƙofa, kunne a ɗaki. 'Ya'yan suka gaya wa nasu 'ya'yan, magana ta bi gari gari, har karnukan da suka rage a bakin rafi suka ji labari suka biyo.

Shi ya sa har yau, in aka kawo sabon kwikwiyo gida, sai ya yi ta kuka da dare, tambaya yake yi ko akwai kowa. Shi ya sa kuma za ku ga babban kare, wanda ba ya tsoron kura, ya zo ya kwanta a bakin ɗaki ya ɗora haɓa a dokin ƙofa, ya lumshe ido. Ba barci ya fara yi ba tukuna. Ku yake saurare. Sai ya ji numfashin kowa a ɗakin ya tabbata kuna nan, sannan ya yi nasa barcin.